Ranar da Za Ka Saki Kondasta

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Keana lafiya, taya bai fashe muku ba, direba bai yi gudun banza ba bayan kun wuce Obi, ka kuma tarar da Kawunka Bitrus da Anti Rifkatu da yara kowa kalau. Allah ya tsare fitarka da shigarka.

Na ɗaure wannan takarda a hannun kwando don kada ta wuce idonka. Na san tun a tasha ka ji motsin abin da ke ciki, ai kai ba kurma ba ne. Ka ba su ruwa, amma kada ka ɗaga murfin gaba ɗaya sai ka karanta ni har ƙarshe. Yau dai ka bar ubanka ya gama magana. Ka san dillali, in aka tare shi a tsakiyar zance cikinsa kumbura yake yi.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka da baki, ga mu gida ɗaya. Na gwada, Iliya. Wannan bakin nawa da ke sa mutumin Legas ya cika mota da doyar da bai yi niyyar saye ba, har ya yi mini godiya, da na tsaya a ƙofar ɗakinka sai ya bushe kamar tsohon ɓawon rogo. Sai in ce, “Ka ci abinci?” Ka ce, “Na ci.” Ni da kai mun san kwanon na nan a rufe yadda Mamanka ta ajiye shi. Shi ya sa na sayi biro. A rumfa nake rubutun nan, tsakanin kastoma da kastoma, don haka in ka ga ƙasa a jikin takarda, ta doya ce.

Tun da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito ka shige ɗaki. Da farko na ce fushi ne, zai wuce. Sai ƙwallo ta wuce ka, ƙungiyar waƙa ta coci ta wuce ka, abokanka suka gaji da sallama a ƙofa. Sakwara da miyar agushi, wadda da sai an riƙe maka hannu, ta koma kicin ba a taɓa ba. Ba ka yi wa kowa rashin kunya ba, ba ka yi kuka ba. Da ma ka yi. Gidan da ake faɗa ya fi gidan da ake tafiya da sanɗa. Da muka kai ka asibiti, nas ɗin nan mai tabarau ta ce ba zazzaɓi ba ne, ba kuma lalaci ba ne, ciwo ne na zuciya da tunani, yana kama manya da yara, ana kuma warkewa. Ita ta ce sauyin wuri zai taimaka, muddin ba a daina zuwa ganinta ba. To ka ji dalilin tafiyarka. Ba korar ka muka yi ba. Gidan nan ko kyanwa ba ma kora, balle ɗan fari.

Ba zan cika ka da labarin kasuwa ba. Kurakuraina zan shimfiɗa maka kamar yadda nake shimfiɗa kaya, ka duba ka ɗauki wanda zai yi maka amfani.

Wannan ramin da kake ciki, na taɓa kwana a cikinsa. Ban taɓa gaya maka ba, don uba yana son ɗansa ya ɗauka da takalmi aka haife shi. Ina aji huɗu na sakandare kakanka ya rasu, aka ce makaranta ta ƙare, in zo gari in nemi abin yi. Ni da nake ganin kaina da farar riga a ofis! Na zo Lafia, amma ban nemi komai ba. Akwai wata tsohuwar roka, babbar motar kaya, da ta mutu a bayan tasha, ciyawa har ta fito ta cikin tayoyinta. Ƙarƙashinta na mayar ɗakina. In gari ya waye in shige, in rana ta faɗi in fito in koma gidan da nake kwana. Ba barci nake ba, ba tunani nake ba. Ina jira ne. Na ce wa kaina ranar da na ji sha'awar yin wani abu, ranar zan tashi. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya kusa wucewa, sha'awa ba ta san hanyar bayan tasha ba.

Wata rana sai na ji an shure mini ƙafa. Wata 'yar Tibi ce mai kawo doya daga ƙetaren kogi, Mama Dooshima, gajeriya, murya kamar ta mutum uku. Hausarta kuwa sai a hankali. Ta ce, “Kai, dogon ƙafa, fito. Mota ya zo, doya na yana rana.”

Na ce, “Mama, ba ni da ƙarfi.”

Ta ce, “Wa ya tambaya ƙarfi? Hannu na tambaya. Kana da shi ko kare ya ci?”

Kunya ce ta fito da ni, ba wani abu ba. Ta sa ni ware manya gefe, ƙanana gefe. Kada ka ce na ji daɗi. Na tsani doyar, na tsani matar, na tsani ranar. Washegari ta sake shure ni. Haka muka yi ta yi, jiki na aiki, zuciya na kwance ƙarƙashin roka. Ban san ranar da ta taso ta bi ni ba. Abin da na tuna kawai, wani mutum ya zo yana cika baki a kan wata ƙatuwar doya, na ƙwanƙwasa ta da yatsa na ce, “Oga, wannan ciki ya mutu.” Aka yanka, ga shi baƙi ƙirin. Kasuwa ta ɗauki ihu, ni ma na ji wani yana dariya da ƙarfi kusa da ni. Ashe ni ne.

Kuskurena shi ne jiran da na yi. Sha'awa kastoma ce, ɗana, ba ta zuwa rumfar da ke rufe. Kai za ka fara buɗewa, ka share, ka jera kaya, ka zauna kana hamma. Wata rana ta zo, wata rana ba ta zo ba, amma ba ta taɓa ƙwanƙwasa wa wanda ya sa kwaɗo. Don haka a can kada ka tambayi zuciyarka ko tana so. Ka tambayi hannunka ko yana nan. In Anti Rifkatu za ta wajen dafa gishiri da safe, bi ta. Aikin mata ne, ba za su bar ka ka taɓa tukunya ba, za su ma yi maka tsiya da yarensu na Alago har kunnenka ya yi zafi, amma itace bai taɓa ƙin kafaɗar namiji ba. Ka kai musu dami ɗaya. In shi kaɗai ka iya a ranar, ya isa. Ka koma ka kwanta, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma ka kai ɗin.

Na biyu, abin da sana'a ta koya mini ya bi ni har gida. Doyar da fartanya ta sara wajen haƙa, mu dillalai mun san yadda ake yi da ita. Ka shafa mata ƙasa, ka juya saran ya kalli ƙasa, ka ɗora lafiyayya a kai. Allah ya gafarta mana. Mai saye ya tafi yana murna, ita kuwa tana ruɓewa daga ciki, ta kuma shafa wa na kusa da ita. Manomi ba haka yake yi ba. Shi buɗe saran yake wa iska, ya barbaɗa toka, ya bar shi ya bushe, doyar ta kai har shuka.

Haka na yi da kai. Duk wanda ya tambaye ni a coci, “Ina Iliya, kwana biyu?” sai in ce, “Yana ɗaki yana karatu, ka san yaran yanzu da littafi.” Na juya saranka ƙasa don kada a ce ɗan Ayuba ya kwanta. Ka ji ni ta taga, na san ka ji, kuma daga ni ka koyi cewa abin da ke damunka abin kunya ne. Ba abin kunya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In Kawunka ya ce, “Yaya jiki?” kada ka ba shi amsar kasuwa. Bitrus mutum ne da zai iya zama da kai a gindin mangwaro daga la'asar har magariba bai ce uffan ba, kuma ka tashi ka ji kamar an sauke maka kaya. Ka gaya masa yau da nauyi, ko yau da dama-dama. In kuma wani baƙin tunani ya zo maka, irin mai ce wa mutum duniya za ta fi sauƙi ba shi, kada ka kwana da shi kai kaɗai ko sau ɗaya. Ka faɗa wa Anti, ka faɗa wa Kawu, ka kira ni. Ko ina tsakiyar lodin tirela zan bar ta a buɗe in hau hanya. Ranar komawa wajen nas kuma ni da kaina zan zo in ɗauke ka. Wannan ba shawara ba ce, doka ce, ita kaɗai ce dokar da ke cikin takardar nan.

Akwai wata ƙarama da ke cizona. Ranar da ɗan Alhaji maƙwabcinmu, Nura, ya samu shiga jami'a, na dawo da 'yar ledar cincin da suka raba, na ajiye a gabanka na ce, “Ka ga wanda uwarsa ta haifa.” Wasa na nufa, irin wasan rumfa. Amma ni na fi kowa sanin cewa ba a ajiye doya kusa da wadda ta fi ta girma sai in ana son a karya mata daraja. Dabarar mai saye ce, ni kuwa na yi wa kayana. Nura yaron kirki ne, ya zo neman ka ya fi a ƙirga. Kada ka bar bakina ya raba ku. Hotunan da kake gani a waya kuma, na 'yan ajinku da rigunan shiga jami'a masu faɗin hannu suna washe baki, ka tuna kowa manyan yake ɗorawa a saman tuli. Ba wanda ke ɗaukar hoton na ƙasa. Ni da na yi shekaru ina tona tulin mutane, na gaya maka, ba tulin da ba shi da 'yan ƙanana a gindi.

Yanzu ga babban, wanda ya kawo zancen kwando.

Ka san abin da nake yi kowace safiya in doya ta kwana biyu a rumfa. Ina bin ta ɗaya bayan ɗaya ina kakkarya tsiro. Doyar da ta fara toho tana shanye kanta, ta motse, ta yi sauƙi a hannu, mai saye ya raina ta. Don haka da ta leƙo, ƙas, in karye. Hannuna ya saba har ba na dubawa, ina hira ina yi.

Kai kuma tsironka tattabaru ne. Tun kana ƙaramin sakandare ka fara da guda biyu a cikin yankakkiyar jarka, har bangon bayan gida ya cika da jarkoki kamar shagon mai man ja. Asuba kana can, yamma kana can. Ka san wadda ba ta da lafiya tun daga yadda ta sauka. Ka raɗa musu suna. Namijin nan mai baƙin wuya da ba ya rufe baki ka ce Kondasta, macensa mai tafiya da yanga ka ce Madam. In ina cin abinci sai ka zauna kana zuba mini labarinsu, ni kuma ina ji da rabin kunne, rabin yana kasuwa.

Da jarrabawa ta matso, sai na dube ka da idon rumfa. Na ce yaron nan tsuntsaye na shanye shi. Ranar da ka tafi lesin na kira Malam Sabo na Ashige, mai sayen kaji da zabi, ya zo da babur da keji ya kwashe su kaf. Jarkokin ma na ciccire na jibge a bayan bayi. Na wanke hannu ina jin na yi abin da uba ke yi.

Ka dawo da jaka a kafaɗa. Ka tsaya ka dubi bango, ƙusoshi kawai. Na shirya wa ihu, na ma tanadi amsa. Sai ka juyo a hankali ka ce, “Baba, har da Kondasta?”

Na ce, “Har da shi. In ka ci jarrabawa zan saya maka waɗanda suka fi su.”

Ka ce, “Ba za su san ni ba.”

Iliya, wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ka yi da ni. Ka yi karatun, ban ce ba ka yi ba. Ka zauna da littafi kamar mai gadin kabari. Jarrabawa ta zo ba ta yi kyau ba, kuma da ka faɗi, ba abin da ya rage a bango da zai tashe ka da safe. Ban ce tattabaru kaɗai suka kwantar da kai ba, nas ta ce abin ba ya da uwa ɗaya. Amma ni na cire maka abin dafawa ana gobe za ka yi tuntuɓe.

Ban gane ba sai da Kawunka ya kawo kaya watannin baya. Yana zaune a benci yana kallona ina aikin nawa, ƙas, ƙas. Ya girgiza kai ya ce, “Ayuba, ni da kai dai ba za mu shiga sama ta ƙofa ɗaya ba. Abin da nake durƙusawa ina roƙon Allah ya ba ni, shi kake karyawa kana jefa wa awaki.”

Na ce, “Suruki, kai shuka kake, ni sayarwa nake.”

Mamanka ta kawo mana abinci a lokacin. Ba ta ko dube ni ba, tana buɗe kwano ta ce, “Na gida ma sayarwa zai yi, shi ya sa ya karye.”

Ka san ni, ba a bina bashin magana. Amma ranar sai na ajiye doyar da ke hannuna na ja kwano. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba su faɗi cewa wani babban tsabar hangen nesa yake taka abin da ke gabansa ba.

Sai ga Malam Sabo wata safiya a rumfa, ko gaisuwa babu, hula a karkace. Ya ce, “Ayuba, ashe har a tsuntsu kana dillanci? Ka sayar mini da masu komawa gida!”

Na ce, “Malam, doya nake sayarwa, ita kuwa ban taɓa jin ta tashi sama ba.”

Ya ce, “Bar wasa! Na fige musu fiffike, na ba su dawata suka ci suka yi ƙiba. Gashi na gama fitowa, mai baƙin wuyan nan ya ja matarsa suka yi yamma. Ɓarawon tsuntsu, ko sallama!”

Na rantse masa ban gan su ba, kuma a lokacin gaskiya na faɗa, abin da ba kullum yake faruwa da ni a rumfa ba. Da na koma gida na zaga baya. Ga su a kan kwanon rufi, su biyu, suna kallon bangon da babu komai sai ƙusa. Kondasta na ta surutunsa kamar yana kiran fasinjan Doma. Washegari na nemi Malam Sabo muka daidaita, ya tafi da doyar da ta sa ya manta da zagin da ya tanada.

Amma ba dawowarsu ce ta sa na sayi biro ba. Abin da na gani a gindin bango ne. Murfin bokiti, an cika shi da ruwa, an sa ɗan dutse a tsakiya don kada ya kife. Na tambayi Mamanka, ta ce ba ita ba. Gidan nan mu uku ne, ɗana. Mutumin da ya ce ba ya iya tashi ya wanke fuska, shi ya lallaɓo da sassafe kafin kowa ya farka ya ba baƙinsa ruwa.

Ban ce maka komai ba. Mai saye in ya nuna yana so, kaya sun tashi. Na je bayan bayi na ɗauko jarka ɗaya na rataya, na wuce kasuwa. Da na dawo na tarar an sauke ta daga inda na sa, an mayar da ita can ƙarƙashin inuwar kwano, an juya bakinta ya bar wajen da ruwan sama ke bugowa, an zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Na tsaya ina kallon jarkar nan kamar wanda aka aiko wa wasiƙa daga Ingila. Na ce a raina, yaron nan yana ce mini, “Baba, ba ka iya ba.” Wallahi ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba. Daga nan na riƙa ajiye 'yar dawa a kan taga kamar na manta da ita, ita kuma tana raguwa. Watannin nan, hirar da muka yi ke nan ni da kai. Na san ba ta da yawa. Ni dai da ita na rayu.

To, ga abin da ke cikin kwando. 'Yan shila biyu ne da Madam ta ƙyanƙyashe, sun fara tsattsaga da kansu amma ba su taɓa tashi ba. Kai ka gaya mini, a ɗaya daga cikin hirarrakin da ka ɗauka ba na ji, cewa ɗan shilan da bai taɓa tashi ba, duk inda ya fara buɗe fiffike nan ne gidansa. Waɗannan na Keana ne. Naka ne, ba mai sayar da su, ko ni, ko wanda ya fi ni baki. Za su nemi ruwa kowace safiya, ba ruwansu da ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Ka ce Kawu ya ba ka jarka.

Na ukun Kondasta ne. Madam na bar ta a nan.

Ka ce mini namijin da macensa ke gida, ko ina aka kai shi sai ya nemo hanya. Ashige ta gwada ta gani. Keana ta fi nisa, na sani, amma ɗan banzan nan na yarda da shi fiye da direbobi da yawa. Ga roƙona. Ka riƙe shi a keji, ka kula da shi. Ranar da ka farka da kanka, ba wanda ya kira ka, ka ji ƙafarka ta sauka ƙasa ba tare da ka yi mata dogon lallashi ba, ko ka ci tuwon Anti ka ji ɗanɗanon gishirin a bakinka, ranar ka fita fili ka buɗe masa. Ban ce sai ka warke ba. Ban ce sai ka yafe mini ba, wannan ma kaya ne mai nauyi, a bar shi sai ka yi ƙarfi. Ban ce sai ka ɗauki littafi ba. Fom ɗin jarrabawa kowace shekara ana sayarwa kamar mangwaro. In ka so mu sake, mu sake. In kuma hanyarka ta bi ta wajen dabbobi da tsuntsaye ne, akwai masu karatun wannan ma, na tambaya. Safiya ɗaya mai dama-dama kawai nake nema.

Kada ka sake shi don tausayina, zan gane. Shekara nawa ina gane doyar da aka shafa wa ƙasa. Kada kuma ka ce sai ranar da komai ya yi daidai, wannan ranar ko ni ban taɓa ganinta ba, kuma keji ba wurin zaman Kondasta ba ne.

Za ka ce, Baba, ga waya, me ya kawo aiken tsuntsu kamar zamanin kakanni? Waya za mu yi, Mamanka ba za ta bar ka ka huta ba. Amma a waya kowa lafiya lau yake, ni na koya maka wannan ƙaryar. Tsuntsu kuwa sai an tashi, an fita, an ɗaga hannu sama. In kuma shaho ya tare shi a hanya, ko ya tsaya neman wata Madam ɗin a Obi, ka san halin 'yan mota, to ka yi mini filashin sau biyu, zan gane.

Gidan zai yi mana faɗi. Ko da kake kwance shiru, na san kana bayan ƙofar nan, ina jin tarinka, ina ganin silifas ɗinka a bakin ɗaki. Yanzu su ma za su tafi. Mamanka ta ce za ta riƙa dafa rabin abin da ta saba, na san ƙarya take, hannunta bai san awon mutum biyu ba. Ni kuma na riga na mayar da bencina bayan gida, wajen da ake ganin sama ta gefen hanyar Obi. Ta ce mini, “Tsoho da kai za ka zauna kana kallon sama kamar mai jiran jirgi?” Na ce mata iska ta fi kaɗawa a nan. Ba ta yarda ba, amma na ga ta kawo kujerarta ta ajiye kusa.

Ka gaida Kawunka, ka ce masa na bar ƙwarya guda ta doya a lungun rumfa ban karya mata tsiro ba, ya zo ya ɗauka in lokacin shuka ya yi, kada kuma ya yi mini dariya a gaban mutane. Ka gaida Anti Rifkatu da yara. Ka ci abin da aka ba ka. Ka riƙa shiga rana.

Ubangiji ya kiyaye ka a hanya da masauki. Ya tsare ka daga ciwo, da mugun ruwa, da mugun tunani. Ya sauƙaƙa maka safiya, ya ba ka barci mai daɗi. Wanda ya nuna wa tsuntsu hanyar gida ba tare da allo ko kwatance ba, ya nuna maka taka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka da kuma surutunka. Amin.

Murfin bokitin yana nan inda ka ajiye shi, da dutsensa. Daga gobe ni zan riƙa zuba ruwan.

Ni ne ubanka,
Ayuba